Kallon Kitse Ake Wa Rogo: Yadda Marubuci Ke Saye Mana Zuciya Kafin Jarumi Ya Buɗe Baki

Yau ba labarin wanda ya angwance ko wadda aurenta ya mutu na zo da shi ba, kuma ba sabuwar waƙa zan feɗe ba. Magana ce a kan wani abu da ake yi mana kullum a fim da littafi, muna ji muna gani, amma ba kasafai muke tsayawa mu kira sunansa ba.

Duk fim ɗin Hausa da za ka kunna, kafin a ci minti uku ka riga ka raba mutanen ciki gida biyu: ga naka, ga wanda jininku bai haɗu ba. Alhali ba wanda ya ce maka wane mugu ne. Bai zagi kowa ba tukuna, bai ci amanar kowa ba. To wa ya gaya maka? Wani abu aka nuna maka. Wataƙila baƙin gilashi ne ya saka a cikin ɗaki, wataƙila yadda ya karya hula ne, ko yadda ya miƙa wa dattijo hannu yana tsaye ƙerere bai ko rusuna ba. Wannan ɗan abin da aka ajiye a gabanka don ya tsaya a madadin wata ma'ana da ta fi shi girma, shi nake kira alama. Masu nazarin adabi a jami'a suna ce wa dabarar alamtarwa. Ko me aka kira ta, aikinta ɗaya ne: ta yanke maka hukunci a kan mutum tun kafin ka ji ta bakinsa.

Ba a silima muka koyi karanta alama ba, a gindin kakanninmu muka koya. Da tsohuwa ta ce tatsuniyar Gizo ce da Ƙoƙi, ba sai ta tsaya bayanin halin Gizo ba. Mun san za a yi wayo, za a yi haɗama, kuma mai yiwuwa wayon ya koma kan mai shi. Da an ce Kura, mun san ga ƙarfi ga tsoro ga kwaɗayi. Da an ce Dila, mun san malamin daji ya iso, za a warware rikici da dabara. Suna guda ya ɗauke wa mai ba da labari aikin shafi guda. Abin da marubucin fim yake yi ke nan da hula da mota da takalmi, sai dai shi da idonka yake magana.

Alamar farko da kowane labari yake miƙo maka ita ce sunansa. A nan kuwa marubutanmu na farko sun yi gwaninta. A 1933 aka sa gasar rubuta ƙagaggun labarai a Zariya ƙarƙashin Rupert East, wadda ta haifar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo. A zamanin ne kuma aka buga Jiki Magayi na John Tafida da shi East ɗin. Dubi Jiki Magayi kawai. Kalma biyu ce, amma ka riga ka san wani zai aikata abu, kuma a jikinsa zai ji sakamako. Ka shiga littafin kana jiran ranar da jiki zai yi bayani.

Marubutan shekarun 1980 da 1990 sun ƙara wa dabarar gishiri: su ba ka rabin karin magana, su bar ka ka ƙarasa da kanka. Bilkisu Funtuwa ta ce Allura Cikin Ruwa, zuciyarka ta amsa da mai rabo ka ɗauka, ka san ke nan akwai yarinya guda da manema da yawa. Balaraba Ramat Yakubu ta ce Alhaki Kwikwiyo Ne, wanda ya fito a 1990. Tun ba ka haɗu da Alhaji Abdu ba, tun ba ka ga yadda ya kori Rabi da 'ya'yanta saboda amarya Delu ba, an riga an ɗora maka ɗan kwikwiyo yana bin sawunsa. Duk wulaƙancin da ya yi, kai kana kallon bayansa kana cewa ga shi nan tafe. Ranar da gobara ta lashe masa dukiya a kasuwa, ba mamaki ka yi ba, ajiyar zuciya ka yi. Sunan ya yi alƙawari, labarin ya cika.

Wannan nau'i ɗaya ke nan, alamar da take gaya maka gaskiya tun daga ƙofa. Akwai na biyu, wanda ni ya fi burge ni, wato alamar da aka ɗana don ta yaudare. Sunanta ma yana cikin sunan wani littafi, Kitsen Rogo na Abdulƙadir Ɗangambo, wanda ya fito a ƙarshen shekarun 1970. Duk wanda ya taɓa ɓare dafaffen rogo ya san abin da ake nufi: fari tas, yana sheƙi, ka rantse kitse ne, sai ka kai baki ka ji gari. Labarin saurayin ƙauye ne da ya hango birni ya ga kamar can ne daɗi yake, ya je ya faɗa hannun ɓata-gari. (Mu mutanen Jajaye da ke ƙaramar hukumar Rogo mun sha tsokana da wannan karin magana a Kano har mun gaji. Sunan garin namu ma, da baƙo ya ji sai ya fara tambaya ko mu duka jajaye ne. Ka ga aikin suna ke nan, mutum bai taka garin ba ya riga ya zana shi a kansa.)

Wanda ya kalli Labarina na Aminu Saira, zangon da Sadiq Sani Sadiq ya fito a matsayin Mainasara, ya ga kitsen rogo da aka juya kansa ƙasa. A can, kitse ne aka yi wa shigar rogo. Attajiri ne ya tuɓe manyan kaya, ya saka na talaka, ya koma Al'amin, don ya gane wadda za ta so shi ba don kuɗinsa ba. Dabarar da ke ciki ita ce an ba mu sirrin, an hana 'yan matan cikin fim ɗin. Saboda haka tsohuwar rigar nan ta zama ma'auni a hannunmu, duk wadda ta yatsina fuska muka ce ta faɗi jarrabawa, wadda ta sake fuska muka ce ta ci. Ya yi aiki, wallahi ya yi, don an yi watanni ana musu a kan Jamila da Maryam a majalisu da shagunan cajin waya. Amma ni akwai abin da ya tsaya mini a wuya. Mun ji haushin wadda ta raina shi ne saboda mun san mai kuɗi ne, muna cewa kin yi asara. Da a ce talakan gaske ne, wanda ba wani katafaren gida da ke jiran sa a ƙarshen zango, anya za mu ji zafin haka? Alamar ta fito don ta ce kuɗi ba komai ba ne, amma ladan da ta tanadar wa mai haƙuri, kuɗin ne dai.

Littattafan da suka daɗe ana karantawa, in ka duba, da hoto guda mai ƙarfi suke buɗewa. Tafawa Ɓalewa bai fara Shaihu Umar da harin bayi ba. Ya fara nuna mana dattijon malami a zaune, almajirai sun kewaye shi, sannan aka tambaye shi asalinsa ya shiga ba da labari. Don haka duk wuyar da yaron ya sha, da sace shi da aka yi, da ƙetare Sahara, muna karantawa ne da sanin cewa wannan yaron shi ne zai zama wancan malamin. Ba mu tambayar ko zai rayu, muna tambayar yaya aka yi wahala ba ta lalata shi ba. Zaman farko ya canza tambayar gaba ɗaya. Da Adamu Halilu ya mayar da littafin fim a 1976, wannan kwarjinin malanta shi ne abin da Umaru Ladan ya ɗauka a fuskarsa. Haka Abubakar Imam a Magana Jari Ce. Fada ce cike da barade da masu takobi, amma wanda zai ceci gidan sarauta daga makircin Waziri tsuntsu ne a keji, wanda ba shi da makami sai baki. Aku shi ne sunan littafin da aka yi wa fuka-fuki.

Yanzu bari mu leƙa Indiya, tunda ba mai musun cewa a can finafinanmu suka yi makarantar allo. Ɗauki Sholay na Ramesh Sippy, 1975, wanda iyayenmu suka kalla a silima mu kuma muka tarar a kaset. Yadda aka gabatar da Gabbar Singh darasi ne. Ba fuskarsa aka fara nunawa ba, takalmansa ne suna taka duwatsu a hankali, yaransa sun yi tsuru-tsuru. Kafin kyamara ta hau kan fuskar Amjad Khan, cikinka ya riga ya ɗuri ruwa. Sai Thakur, wanda kullum yana lulluɓe da mayafi. Da farko ka ɗauka shigar dattako ce irin ta masu gari. Har ma ka ji haushinsa a wurin da bindiga take gabansa ya ƙi ɗauka ya taimaki su Jai da Veeru. Sai daga baya mayafin ya zame, ka ga ashe ba hannaye, Gabbar ya sare su. Abu guda, ma'ana biyu, kuma ta biyun ta sa ka ji kunyar hukuncin da ka yanke da farko. Ga kuma kwabon da Jai yake jefawa sama duk lokacin da za su yanke shawara, wanda sai bayan ya mutu Veeru ya gano fuskokinsa biyu iri ɗaya ne.

Abin da nake so a riƙe daga Sholay shi ne, alama bashi ce. In ka nuna mini ita a farko, ka ci bashina, sai ka biya kafin a tashi. Marubucin Rasha Anton Chekhov ya shahara da wannan ƙa'ida, inda ya yi misali da bindiga: in an rataye ta a bango a farkon wasa, to lallai a harba ta kafin ƙarshe, in ba haka ba a sauke ta. Mu kuwa sau nawa kyamara take tsayawa a kan zobe, ko laya, ko wani tsohon hoto a bango, a saka kiɗa mai tayar da hankali, sannan a yi zango uku ba a sake waiwayarsa ba? Mai kallo ba ya mantawa. Ya dai yi shiru ne, amma daga ranar ya daina yarda da kai.

Sai dai ba kowace alama ce take ƙetare ruwa da ma'anarta ba, kuma nan ne masu kwaikwayon Indiya ido rufe suke tuntuɓe. A Sholay ɗin nan, Radha da Jaya Bhaduri ta fito a matsayinta tana sanye da fararen kaya. Ba'indiye da ya gan ta ya san mijinta ya mutu, don a wurinsu fari shi ne tufafin wadda ta rasa miji. Bahaushe kuwa in ya ga fari, Juma'a yake gani, da Idi, da ango, da malami, sai kuma likkafani. Mai takaba a wurinmu ba da launi ake gane ta ba, da rashin ado ake gane ta: ba kwalli, ba lalle, ba turare, har wata huɗu da kwana goma. Daraktan da yake son mu gane mace tana takaba tun a fitowar farko, ba sai ya sa ta kuka ba. Ya nuna mana tafin hannun da lallensa ya koɗe ba a sabunta ba, da madubin da aka kife.

Ko a cikin gida ma alama tana canza sheƙa. Jar hula ta ishe mu misali. Shekara da shekaru, in ka ga jar dara a fastar fim, dariya za ka fara, don ka san marigayi Rabilu Musa Ibro ne, Allah ya jiƙansa, ya rasu a Disambar 2014. Hular da ɗangalallen wandon sun riga shi yin barkwanci. Amma yau a Kano jar hula magana ce ta siyasa, tambarin Kwankwasiyya ce, su kuma suna danganta ta da shigar Malam Aminu Kano. Marubucin da ya ɗora wa mugun cikin labarinsa jar hula a yau, ko wa jarumin, ya yi jawabin siyasa ko ya nufa ko bai nufa ba, kuma rabin masu kallo sun riga sun juya masa baya. Ja ɗin dai shi ne a rigar dogari, inda yake nufin iko da fada. Launi ɗaya, gida uku.

Idan alama ta zauna daidai, ita kaɗai tana iya riƙe shiri. Gashin bakin Samanja, wato marigayi Usman Baba Pategi, da kakinsa, sun gama gaya maka mutum ne mai tsawa wanda a ƙasan tsawar akwai wasa. A Gidan Badamasi na Falalu Ɗorayi, an zaunar da Alhaji Badamasi a keken guragu. Mutumin da ba ya iya miƙewa da ƙafarsa, amma ya hana garada majiya ƙarfi sakat saboda shi ke riƙe da makullin dukiya. Duk barkwancin shirin daga wannan hoton yake ɓuɓɓugowa.

Kunne ma yana da nasa alamomin, kuma mu masu son waƙa ya kamata mu fi kowa lura. Kakaki da algaita da tambari, sarauta ce. Kalangu, biki ko mahauta. Sarewa, daji da garken shanu da kaɗaici. Garaya, maharba ko bori. Gurmi da kuntigi kowanne da inda yake kai zuciya. A Sangaya, fim ɗin 1999 da ya ɗaga Ali Nuhu da Fati Muhammad, tazarar da ke tsakanin Yarima da Zubaina mai aikin gida ba sai an faɗa ba, tana cikin sutura da wurin zaman kowa, waƙa ce kaɗai filin da suke haɗuwa kafaɗa da kafaɗa. Abin takaici yanzu, sauti guda ake ciro wa kowane mugu daga kwamfuta, wani gurnani mai kama da na finafinan ban tsoro na Amurka, ko mugun boka ne, ko ɗan siyasa, ko uwar miji.

To ga inda maganar ta fi ci mini rai, kuma shi ya sa na ɗauko ta.

Yaya ake gabatar da mutumin ƙauye a yawancin finafinanmu? Kun sani na sani. Riga a yage, hula ta yi daƙal-daƙal, an zana masa tsage da gazal har yana narkewa da gumi, an shafa wa haƙoransa baƙi ko jan goro, yana magana da ihu da wata Hausa da ba a yin ta a kowane gari, an ɗebo Sakkwatanci kaɗan, Katsinanci kaɗan, an gauraya. In mace ce, an yi mata ɗige-ɗigen kwalli har goshi, ta ga fanka ta ruga a guje. Daga fitowar farko an gaya wa mai kallo cewa wannan abin dariya ne, kada ka ɗauki maganarsa da nauyi. Kuma hukuncin ba ya tsayawa a cikin talabijin. Yana bin yaranmu har makarantun kwana da manyan makarantu a birni, inda za ka ga yarinya tana ɓoye sunan garinsu, a tambaye ta ta ce ita 'yar Kano ce kawai. Wanda bai taɓa zuwa yammacin Kano ba, hoton da yake da shi namu, wanda aka ba shi a fim ne.

Ba cewa nake babu talauci a ƙauye ba, akwai shi har ya yi yawa. Cewa nake alamomin da ake amfani da su na aro ne, na wanda bai zauna ba. A wajenmu ƙasar rake ce da masara. In kaka ta yi, wanda ya fi kowa samu a gari za ka iya tarar da shi a bakin kaskon mazarƙwaila, rigarsa duk hayaƙi da danƙon rake, ƙafarsa ba takalmin kirki. A ma'aunin fim, wannan matsiyaci ne. A ma'aunin gari, shi ne yake aurar da marayu, shi ake zuwa wa rance kafin taki ya sauka. Mu ba a riga muke karanta arziki ba. Muna ƙirga rumbuna. Muna duba shanun huɗa da ke ɗaure a turke, da ko rufin gidan kwano ne, da ko akwai farantin sola a sama, da akussa nawa suke fitowa zaure bayan Magariba. Talauci ma yana da tasa fuskar, kuma ta fi yagaggiyar riga ban tausayi nesa ba kusa ba: rumbun da aka buɗe aka share ƙasansa a watan Agusta, sabon hatsi bai nuna ba. Murhun da rana ta take tokarsa da sanyi. Turken da igiya take kwance a kai ba akuya. Duk ɗan ƙauyen da ya ga turken nan ya san an kai ta kasuwa, kuma ya san ba don daɗi aka kai ta ba. Wannan hoton na daƙiƙa biyar ya fi a sa jaruma ta yi minti goma tana kuka tana cewa ba mu da komai.

Kuma ƙauyen ma ba iri ɗaya ba ne. Ka gangara wajen Ƙaraye, inda madatsar ruwan Challawa take tun farkon shekarun 1990, ka tarar da masunta da masu noman rani, waɗanda arzikinsu yake cikin koma da kwalekwale da injin ban ruwa. Tafiyar da ba ta kai awa guda ba a babur, amma alamomin sun canza. Marubucin da yake zaune a Zoo Road yana rubuta kalmar ƙauye a takarda, ya bar wa mai kula da sutura ya cike sauran, ya yi asarar duk wannan. Cikin shirye-shiryen da na ga sun yi ƙoƙari akwai Daɗin Kowa na Arewa24, don a can talaka yana fitowa da tsabtarsa da hankalinsa, kuma abin da ke bambanta gida da gida shi ne kayan tsakar gida, ba datti ba.

Ɗaya alamar da ta zama mana ciwo ita ce farar fata. Buɗe littattafan da ake sakewa a WhatsApp da Wattpad, ka ƙirga nawa ne suke farawa da yarinya fara sol, doguwa, mai dogon hanci da gashi har gadon baya, sai saurayi ya fito daga wata mota da aka ɓata layi biyar ana faɗin sunanta da kuɗinta. Baƙar mace kuwa, in ta fito, ƙawar jaruma ce, ko kishiya, ko mai aiki. Wannan ma alamtarwa ce, sai dai ta lalaci, don ba abin da launin ya gaya mana game da halin yarinyar. Abin da ya koya wa mai karatu 'yar shekara 15 kawai shi ne wace irin fata ce ake so, kuma masu sayar da man shafe-shafe sun fi kowa jin daɗin darasin, duk da gargaɗin da hukumar NAFDAC take ta yi a kan illarsa.

Soyayya kuwa, a nan ne ya kamata mu fi kowa ƙwarewa, saboda dole ta sa. Tun da aka kafa Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano a 2001, kowa ya san namiji da mace ba sa taɓa juna a fim ɗin Hausa. Wasu suna ganin wannan takura ce. Ni ina ganin gona ce da ba a nome ba. Tunda hannu ba zai taɓa hannu ba, dole wani abu ya ɗauki saƙon. Amma me muka ɗauko? Fure. Saurayi ya durƙusa da jan fure a lambun otal, abin da ko a mafarki ban taɓa ganin an yi a zancen gaske a garinmu ba. Alhali ga namu nan birjik. Budurwar da take zana ƙasa da tsinke tana sauraro. Tabarmar da aka shimfiɗa wa wannan saurayi a zaure, aka bar wancan a tsaye a waje. Ƙanin da aka aiko ya ce wai tana zuwa, da wanda aka aiko ya ce wai ta yi barci. Kwanon da aka rufe da sabon faifai. Matar da ba ta faɗin sunan mijinta, sai ranar da rai ya ɓaci ta kira shi gatsal, gidan duka ya yi tsit. Wannan na ƙarshen, in an gina shi tun daga fitowar farko, ya fi mari zafi, kuma ba hukumar da za ta yanke shi.

Ga masu rubuta gajeren labari, musamman 'yan'uwa mata da ke shiga gasar Hikayata ta BBC Hausa da aka fara a 2016, abin ya fi matsawa, don kalmomin da aka ba ki ba su wuce 1,500 ba. Ba ki da filin da za ki ce wance tana da haƙuri, tana da tawakkali, mijinta kuma azzalumi ne. Abu guda za ki zaɓa ki ɗora masa kayan. Kuma in kin ɗora, kada ki fassara. Wannan ita ce cutar da ta fi kama finafinanmu: a nuna gilashi ya faɗi ya fashe, mun gane, sai kuma a sa jaruma ta dube shi ta ce kamar yadda wannan gilashi ya fashe haka zuciyata ta fashe. Haba! Mutanen da suka tashi da karin magana da habaici da zambo, waɗanda ake yi wa magana da sunan zane ko sunan akuya su gane, su ne za a tauna wa a ba su a baki?

Yadda na fahimci abin, alama mai kyau sau uku take aiki. A nuna ta a farko kamar ba komai ba, ta ba ka hukuncin farko. A bar ta ta ɗan ɓace har ka sake jiki. Sannan a dawo da ita a lokacin da labari ya juya, ba a canza ta ba, amma yanzu tana faɗin wani abu dabam.

Da za a ba ni fitowar farko ta wani shiri da aka gina a gari irin namu, ba zan fara da fuskar kowa ba. Zan ajiye kyamara a ƙasa, a ƙofar wani zaure bayan sallar Isha'i. Takalma ne zube, sun kai ƙafa ashirin: soso, da fade, da na roba irin na masu zuwa gona, da sau-ciki guda ɗaya mai sheƙi na wani baƙo daga birni. Daga ciki ana jin ƙarar akushi da dariya. Ba a ga maigidan ba, amma an san ko wane ne shi. Sai a kashi na goma, bayan rake ya yi kwantai kuma bashin taki ya taso, a mayar da kyamara daidai wurin, daidai lokacin. Takalma ƙafa biyu: nasa, da sau-cikin nan mai sheƙi.